Neman Ungulu a Birnin Shehu

Duk baƙon da ya sauka Sakkwato an san inda za a fara kai shi: Hubbaren Shehu, ƙofar fadar Sarkin Musulmi, masallacin Shehu da na Bello, sannan gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ba a cika cewa a kai baƙo Kara da sassafe ba, inda ake cinikin shanu da raƙuma da jajayen awakin nan da fatarsu ta kai sunan garin har Turai. Ni kuwa can na roƙi mai masaukina ya kai ni, don labarin da ya kawo ni yana mayanka.

Tun kafin rana ta yi zafi wurin ya cika. Mahauta na fiɗa, yara na ɗaukar kayan ciki a kai zuwa wurin wanki, 'yan kura na jiran a loda musu nama, masu sayen fata sun tsuguna suna juya kowace ɗaya suna duba inda wuƙa ta zame. A sama shirwa ce ke shawagi, takan kawo sura ta wafci guntun hanji ta yi gaba. Hankaki sun jeru a kan katanga, balbela na tsintar ƙuda a bakin kwata. Na daɗe ina ɗaga kai, ban ga ungulu ko ɗaya ba.

Na tambayi wani dattijon mahauci da ke zaune a benci yana wasa wuƙa. Na ce, "Baba, ina ungulayen wurin nan?" Ya dube ni, ya ce, "Malam, kai ma ka lura?" Daga nan sai ya shiga ba ni labarin ƙuruciyarsa. A lokacin, in ji shi, sai an sa yaro da sanda yana kora kafin a gama fiɗar sa guda. Suna sauka a kan rufi da bishiyoyi tun asuba, suna tafiya a tsakanin ƙafafun mutane ba tsoro, kuma kafin azahar sun share jini da tumbi da duk abin da aka zubar. Yau cikin samarin da ke aiki a ƙarƙashinsa akwai waɗanda a karin magana kawai suka san ta.

Maganar dattijon nan tana da shaida a rubuce. A farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta ɗan Ingila, Peter Mundy, ya zauna a Sakkwato, shi da abokin aikinsa A. W. Cook suka yi ta bin tsuntsayen garin suna rubutawa, aka fara buga binciken nasu a 1972. Yawan ungulun da Mundy ya tarar a nan ne ya ja hankalinsa gare ta, ya koma kudancin Afirka ya ƙarar da rayuwarsa a kan nazarinta, har shi da wasu abokansa uku suka fitar da babban littafin ungulayen Afirka a 1992. Wato ɗaya daga cikin manyan masanan wannan tsuntsuwa a duniya a Sakkwato ya fara karatunta. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da zai so maimaita wannan aiki a yau sai ya fita bayan gari yana cigiya.

Ungulun gari, mai jan wuya da siririn baki, wadda muka saba gani a mayanka da juji, tana cikin halin da bai kamata a yi shiru a kai ba. A 2011 masu bincike biyu, Darcy Ogada da Ralph Buij, suka ƙiyasta cewa yawanta a Afirka ya ragu da kusan kashi 62 cikin ɗari a 'yan shekarun da ba su wuce hamsin ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta a mataki na ƙarshe kafin ɓacewa daga daji. Abin da ya sa rashin ke da wuyar mayarwa shi ne yadda take haihuwa. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, a lokacin rani, a saman doguwar bishiya. Uwa da uba su yi wajen kwana hamsin suna kwanci, sannan su yi watanni suna ciyar da ɗan kafin ya iya tashi. Idan aka zuba guba a mushe guda aka kashe talatin, an rusa aikin shekaru masu yawa a wuni ɗaya.

Kuma ana zubawa. Wani lokaci makiyayi ne da kura ko karnuka suka dame shi, ya barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan mushe, ungulu ta riga kowa zuwa. Amma babban dalili a ƙasarmu, kamar yadda binciken Yohanna Saidu da Buij na 2013 a kasuwannin Arewa ya nuna, shi ne cinikin sassan jikinta. Ana neman kanta da ƙafarta da gashinta don haɗa maganin farin jini, ko sa'ar kasuwa, ko ganin abin da ke ɓoye. Da ta yi ƙaranci a nan sai kuɗinta ya tashi, mafarauta suka tsallaka Nijar da Chadi da Burkina Faso. A 2020 an tsinci gawar ungulu sama da 2,000 a Gini Bisau, an sa musu guba, da yawa an yanke kawunansu. Ga kuma gatari: tsamiya da maɗaci da rimi da giginyar da take sheƙa a kai sun zama itacen girki ko filin gini. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. A unguwanni da yawa tsamiyar ce babu.

Wanda zai ce me ya dame mu da ƙazamar tsuntsuwa, ya dubi Indiya. A shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayen ƙasar, kafin a hana shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa mutane wajen 500,000 ne suka rasu a tsakanin 2000 da 2005 a sanadin wannan rashi. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cutar da kare ko ɓera zai kwasa ya kai gida. Gari irin Sakkwato, mai yanka dabbobi masu yawa kullum cikin zafin da ke haura maki 40 a watan Afrilu, ya fi kowa bukatar mai yi masa wannan shara kyauta.

Da yamma muka bi hanyar jami'a, muka tsaya a gada muna kallon fadamar Rima. Manoman albasa da shinkafa na ban ruwa, zalɓe na tsaye a gefen tafki, jinjimi na caccakar laka. A nan mai masaukina ya kawo zancen shamuwa, kuma a ganina a zancen nan mafita take. Shamuwa tana zuwa ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gida ko ta ƙofar masallaci, ta ci fara a gonaki, ta koma kudancin Afirka idan kaka ta yi. Babu dokar gwamnati da manomi ya sani a kanta, babu ɗan sandan daji da ke gadinta. Amma yaron da ya ɗaga danƙo zai harbe ta, tsohuwar farko da ta gan shi za ta tsawata masa, don kowa ya taso da sanin cewa mai albishir da ruwa ba a taɓa ta. Tsaron da ya riƙe shamuwa shekaru aru-aru a bakin iyaye yake.

Ungulu ma tana da nata masanan, sai dai ba a tambayarsu. Mahauta sun san lokacin saukarta da abin da take so. Majema da makiyaya da masu hawan giginya sun san bishiyoyin da har yanzu take kwana a kai. Masu maganin gargajiya kuwa, waɗanda ake yawan ɗora wa laifi, su ne suka fi sanin hanyar da kan ungulu ke bi daga daji zuwa rumfar kasuwa. Gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, ta gane haka, ta zauna da ƙungiyoyinsu a wasu jihohi, su da kansu suka lissafa itatuwa da saiwoyin da za su iya maye gurbin sassan tsuntsuwar. Na fi yarda da wannan hanya a kan kame da tara, domin mai magani ya fi jin maganar sarkin sana'arsa a kan ta baƙon da ya zo da mota.

Sauran tambayar ita ce me talaka zai samu. A Nefal, a ƙauyen Pithauli, tun 2006 mutanen gari ke ajiye wa ungulu naman da babu guba a wani keɓaɓɓen fili, baƙi su biya su zauna a rumfa suna kallo, kuɗin ya shiga aljihun ƙauyen. Kusa da mu, a Kure ta Nijar, raƙuman dawa sun tashi daga 49 a 1996 zuwa sama da 600, kuma 'yan ƙauyukan ne ke yi wa masu ziyara jagora. Sai dai harin da aka kai can a watan Agustan 2020, wanda ya ci rayuka takwas, ya ɗauke ƙafar Turawa, jagororin suka rasa abin yi. Da irin rashin tsaron da ke gabashin jihar Sakkwato, kuskure ne a gina shiri a kan baƙin ƙetare.

Sakkwato ba ta rasa nata baƙi ba. Masu ziyarar Hubbare na zuwa daga ko'ina a Arewa da Nijar, makarantu na kawo ɗalibai gidan tarihi, jami'a na da sashen likitancin dabbobi da na nazarin halittu. Fili guda a bayan gari mai 'yan dogayen bishiyoyi, da ragowar kayan mayanka da likita ya duba, da mahauta biyu ko uku da za a biya su kula da wurin su kuma yi wa yara bayani, ba abu ne da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, ana iya fara kai 'yan makaranta a ranar. Kafin nan akwai aikin da ba ya jira: a bi masu unguwanni da hakiman ƙauyukan kewaye, ta Kware da Wamakko da Bodinga, a rubuta duk bishiyar da aka san ungulu na sheƙa a kai, a damƙa amanar kowace a hannun mai gonar da take ciki, tun kafin masu saran itace na ranin bana su isa gare ta.