Sarkin Makafi da Littafin Makaranta

A zangunanmu na Gana, daga Nima har Kumasi, ba mu gaza wajen yi wa makaho sadaka ba. Inda muka gaza shi ne ilimin ɗansa. Duk makahon da ke bara a ƙofar masallaci yana tare da ɗan jagora, yaron da ya kamata a ce yana aji. Yaron da aka haifa ba gani kuwa, sanda muke miƙa masa, ba allo ba.

Alhali kuwa mun karanta Suratu Abasa. Mun san Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya yi ladanci, wanda Manzon Allah (SAW) ya sha barinsa wakili a Madina.

Makarantar makafi ta Akropong ta girmi 'yancin kan Gana na 1957, akwai wata a Wa, kuma dokar naƙasassu ta 2006 ta tabbatar musu da haƙƙin karatu. Iyaye na fargaba domin mishan ne suka kafa makarantun. Maganin wannan yana hannunmu: Alƙur'ani na rubutun makafi yana nan, sai mu horar da malaman da za su karantar da shi.

Sarautar Sarkin Makafi kada ta tsaya ga rabon sadakar Juma'a. Mu ba shi kujera a majalisar Sarkin Zango, ya riƙe sunayen yaran, mu ɗauki nauyin karatunsu. Allah Ya ba mu iko.