Masu Karatun Gari a Samaru

Wanda ya taso daga Maradi, ya biyo ta Jibiya da Katsina, ya gangaro ta Funtuwa, ba birnin Zazzau yake fara gani ba. Muna wuce Giwa da Shika sai na ga katanga ta kama gefen titi, muna tafiya tana tafiya, ta ƙi ƙarewa. Na tambayi direba ko barikin soja ne. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Alhaji, jami'a ce, kuma ko ƙofarta ba mu kai ba tukuna."

Ɗan ƙanwata ne ya kawo ni. Ya gama karatun labarin ƙasa a can gida, ya ƙetaro Jami'ar Ahmadu Bello yana digiri na biyu a fannin tsara birane da yankuna. Uwarsa ta matsa mini in je in gano mata wane irin karatu ne wannan, tunda ba likita zai fito ba, ba lauya ba. Ni kaina abin bai zauna mini ba. A saninmu, gari tsirowa yake yi, in ya yi yawa ma'aikatar magajin gari ta turo masu awo su kafa turakun siminti, a raba filaye.

Jami'ar kanta ta fara ba ni amsa. An buɗe ta a 1962, kuma gari ce sukutum: tituna masu inuwar itatuwa, shataletale, unguwannin malamai, makarantun 'ya'yan ma'aikata, dogon benen majalisar jami'a da ake hangowa daga nesa, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Har madatsar ruwa gare ta a kan rafin Kubanni. Na yi ta waige-waige, yaron nan yana jan hannun rigata kada mota ta kwashe ni.

Sashensu yana cikin tsangaya ɗaya da masu zanen gine-gine da masu zane-zanen fasaha. Ya shigar da ni wani ɗaki mai faɗi, bango duk taswira, tebura cike da kwamfutoci. A kan wata na ga hoton Samaru daga tauraron ɗan Adam, kowane rufin kwano a fili, har kwatar da ta ratsa bayan kasuwa. Ɗaliban ma ba yara ne zalla ba. Akwai masu furfura irina, ma'aikatan hukumomin filaye da tsara gari na jihohi, sun ajiye kujerar ofis sun dawo benci.

Na yi sa'a ranar ana gabatar da aiki. Wani ɗalibi ya manna zanensa, ya fitar da titi miƙaƙƙe ta tsakiyar wata unguwa mai cunkoso. Ni dai zanen ya burge ni, saura kaɗan in tafa. Sai malamai suka sa shi gaba, da Turanci, ɗana yana raɗa mini a kunne. Gida nawa titin zai ci? Wa zai biya diyya? In damina ta sauka, ruwan ina zai bi? Mai tuyar ƙosai da ke bakin lungun nan, ina ka kai ta? Wani malami ya tuna masa cewa dokar 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, amma mutumin da ya gaji gida daga kakansa mai unguwa ya sani, don haka da wa za ka fara zama? Gumi ya karyo wa bawan Allah. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da aka tashi sai na ga malamin da ya fi tsananta masa ya dafa kafaɗarsa suna raha. Ban taɓa ganin inda ake tuhumar mai zane a kan mai ƙosai ba.

Da safe na bi ɗaliban cikin Samaru. Garin ya samo asali ne daga gonar gwajin noma da Turawa suka kafa a 1922, wadda ta zama cibiyar binciken aikin gona ta yau. Jami'a ta zo, ɗalibai da ma'aikata suka buƙaci ɗakin haya, gonaki suka koma gidaje. Titi ɗaya ne ya raba tsararren gari da wanda ya gina kansa, kuma wannan na biyun shi ne littafin yaran nan. Suna tafe da waya tana ɗaukar musu lambar kowane wuri, wani na auna faɗin lungu, wani ya tsayar da mai kurar ruwa yana tambayarsa inda yake ɗebowa da nawa jarka. In an zo gidan ba-shiga, sai maza su tsaya a zaure, ɗalibai mata su yi sallama su shige, su fito da labarin rijiya da shadda da inda ake zubar da shara. Wani dattijo ya ce musu bara ma an zo an rubuta. Wata ɗaliba ta russuna ta ce, "Baba, a ƙara mana haƙuri," ta kuma rubuta wannan ɗin ma.

Daga nan muka hau bas zuwa Sabon Gari. A Falladan ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suka riƙa shawagi a kanmu, ni kaɗai nake leƙe ta taga. Muka wuce Kwangila muka sauka PZ. Na ce to, mun iso Zariya ke nan? Ɗana ya ce, "Kawu, wacce daga ciki?" Akwai Birni mai ganuwa da fada da masallacin da Babban Gwani ya gina. Akwai Tudun Wada, inda aka saukar da baƙi 'yan arewa. Akwai unguwar Turawa. Sai Sabon Gari, na ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwar kudu, wanda ya tashi bayan layin dogo daga Baro ya ratso nan ya isa Kano a 1911. A tsarin Gwamna Lugga, in ji shi, sai an bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin Bature da ɗan ƙasa, wai don gudun sauro.

Titunan Sabon Gari kuwa sai suka yi mini kamar gida. Layi-layi suke, miƙe, suna gicciye juna, irin na Maradi tun da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari a bakin gulbi, Faransawa suka hau da shi tudu suka yanka shi murabba'i. Sai dai nan coci na kallon masallaci, mai shago ya yi ciniki da Hausa, ya juya ya yi wa yaronsa faɗa da Yarabanci ko Ibo. Ɗana ya ja ni wani siririn lungu a bayan gidaje, ya ce da gangan aka bar shi, ta nan masu kwashe bokitin bahaya suke bi da dare a zamanin da. Na tsaya ina jinjina wa wanda ya tuna da wannan tun yana kan takarda.

A bakin tashar jirgin ƙasa abokan karatunsa suka juyo kaina. Sun san an aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maradi a 2021, ta Katsina da Jibiya. Suka ce abin da jirgi ya yi wa Zariya zai yi mana: inda tasha ta sauka, nan kasuwa za ta koma, nan baƙi za su yi unguwa, nan fili zai yi tsada. Ɗaya ta buɗe taswirar Maradi a wayarta ta miƙo mini, ta ce in nuna mata inda ruwa ke kwanciya da damina da inda manyan motocin kaya ke kwana. Na sa yatsa na fara da hanyar Dan Isa, ita kuma tana rubutawa.