Yadda Na Ƙona Amfilifayar Masallacinmu

Saura kwana uku a kama azumi, shekara huɗu ke nan, ɗan yayana da ke aiki a Amurka ya aiko wa masallacin layinmu a nan Jos Jarawa da amfilifaya. Sadaka ce ga mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Ladaninmu ya rungumo kwalin har shagona yana murna, don tsohuwar tamu sai an ɗan mare ta take magana. Da muka buɗe sai muka ga filoginta ƙafa biyu ne masu faɗi, ba su shiga soket ɗinmu.

Na ce masa wannan ai ba matsala ba ce. Shekarata ashirin da ɗoriya ina sayar da ƙwan fitila da batir da soket, na miƙa hannu na zaro adafta ɗaya a cikin kwali. Gab da magariba muka jona. Fitilar gabanta ta kama, muka ji fas, sai hayaƙi da ƙaurin roba. Ladan ya dube ni ya ce, "Malam, ko baki aka yi mata?"

Washegari muka kai wa wani yaro mai gyaran rediyo. Ya juya bayanta, ya goge da yatsa, ya ce, "Baba Liman, karanta nan." An rubuta 120V. Ya ce wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kusan ninki biyu. Adafta baki kawai take sauyawa, wutar da ke bi ta cikinta tana nan da ƙarfinta. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba bakin kowa ba ne, hannuna ne. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne kiran yaron nan a waya in gaya masa cewa sadakar da ya yi wa ubansa ta ƙone kafin a yi kiran salla ko ɗaya da ita. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ba komai." Wannan ba komai ɗin ta fi faɗa ciwo.

Tun daga nan na shiga tambayar masu wayarin da ke zuwa sayayya wurina, na kuma koyi karanta bayan kaya. Ashe filogi ma yana da asali kamar mutum. Namu mai ƙafa uku masu kusurwa na Ingila ne, a 1947 suka fito da shi bayan yaƙin duniya na biyu, mu kuma muka gada. Kafin shi akwai mai ƙafa uku zagayayyu, wanda har yanzu za ka tarar a wasu tsofaffin gidajen Jos. Ba abin mamaki ba ne, garin nan ya daɗe da sanin lantarki, tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO mai samar da wuta daga ruwan Kurra saboda haƙar kuza. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tsarin Faransa suka fi bi, ƙafa biyu zagayayyu. Shi ya sa kayan da aka shigo da su ta Maraɗi ko Kwatano, da na gwanjon Turai, ba sa zama daidai a bangonmu, duk da ƙarfin wutarmu kusan ɗaya ne. Na Sin wani sa'in ƙafafunsa masu faɗi ne kamar na Amurka, amma wutarsu 220 ce, don haka kamannin filogi ba ya gaya maka komai. Japan kuma bolt 100 suke amfani da shi. Cajar waya ce kawai ke ruɗin mutane, don yawancinsu an rubuta musu 100-240V, ko'ina ka kai su suna ci. Sai mutum ya ɗauka kowane kaya haka yake.

Kayan Amurka ba kullum ake aiko mana da su ba. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne wanda muke yi kullum a gidajenmu. Kowa ya san dabarar nan: filogi mai ƙafa biyu ya ƙi shiga, sai a sa tsinken ashana ko murfin biro a ramin sama, a danna, a cusa. Ni ma na yi, ƴaƴana a hannuna suka gani. To wannan ramin na sama ba ado ba ne. Ƙafar da ke shigarsa ta fi sauran tsawo, ita ce ke buɗe ƴan ƙofofin da ke rufe ramukan ƙasa, don kada yaro ya tura ƙusa ko cokali wuta ta ja shi. Ita ce kuma ke kai wuta ƙasa idan ta ɓalle ta hau jikin firji ko dutsen guga. A cikin filogin namu akwai fiyus, wanda aikinsa shi ne ya mutu kafin waya ta ɗauki zafi. Mu kuma in ya mutu sai mu naɗa masa zaren waya ko takardar gwangwanin sigari, mu ce mun gyara. Mun kori maigadi ke nan mun kwanta.

Ga kuma sanyin Jos. Daga Disamba zuwa Janairu ba gidan da ba a jona hita da asuba. Soket ɗaya amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen wat 3,000, hita ɗaya ko butar lantarki kan cinye fiye da rabin wannan. Sai ka shiga ɗaki ka ga hita da dutsen guga da talabijin duk a kan adafta ɗaya mai sako-sako. Ƙafar da ba ta kama ramin da kyau tana tartsatsi, tartsatsi na kawo zafi, roba ta narke. Wanda ya ga tokar babbar kasuwar Terminus a 2002 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan gobara, ballantana mu da gidajenmu ke manne da juna, ga katifa ga labule.

Na zauna na yi wa kaina hisabi. Ina hawa mumbari wani lokaci in ce haramun ne ɗan kasuwa ya ɓoye aibin hajarsa, alhali ga kwali guda a shagona na adaftar da na san ba fiyus a cikinta, ƙarfenta kamar takarda. Ban yi wa kowa ƙarya ba, amma ban faɗa ba, riba kuma na ci. Na kwashe su na daina sarowa. Yanzu duk wanda ya ce in ba shi adafta sai na tambaye shi me zai jona. In cajar waya ce, shi ke nan. In hita ce ko firji, sai in ce a yanke filogin a sa mai ƙafa uku: jar waya ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ko shuɗiya abokiyarta, koriya mai ratsin rawaya ta ƙasa. Wanda bai iya ba ya kai wa mai wayarin. Wasu na cewa Liman ya cika tsada da wa'azi, su tsallaka shagon gaba. Na rasa ciniki, ba zan ɓoye ba, mai ɗakina ma ta yi mini magana a kai. Amma ina barci.

Ƴan'uwana mazauna unguwa, musamman iyaye mata da ke tashi ɗora ruwa, roƙona kaɗan ne. Duk kayan da aka kawo muku tsaraba daga waje, a duba lambar da ke gaban harafin V kafin a jona. Soket ɗin da ya yi baƙi ko yake ɗumi a canza shi. A zare hita da dutsen guga kafin a kwanta, musamman in an ɗauke wuta, don ba a san lokacin da za a dawo da ita ba. Manzon Allah (SAW) ya hore mu da kashe wuta kafin barci, ta zamaninmu kuwa a cikin bango take.

Amfilifayar dai an gyara ta, da kuɗin aljihuna, sai ranar goma ga azumi ta fara aiki. Mun saya mata ƙaramin tiransifoma mai rage wuta zuwa 120. Na rubuta a jikinta da boko da ajami: kada a jona ta kai tsaye. Da ita ake kiran asubar da kuke ji. Allah ya kai ladan kabarin yayana, ya tsare mu da gobara.