Daƙiƙa Biyu

A Zangon Lome akwai wani saurayi da ya shafe watanni yana zama gaban kakarsa bayan la'asar. Sai ya jingina wayarsa da kwanon goro, ya bar tsohuwa tana ba da labari. Abin da yake nema a bakinta shi ne tsohon Zango, wanda yake tsakiyar birni kafin a rushe shi a 1977, a kwashe mutanensa zuwa arewa, wajen Agoè, a bakin babbar hanyar da ke haurawa cikin ƙasa. Ita ta ga wancan zamani da idonta, ta san gidajen da fataken shanu da na goro suke sauka, ta san wace ce maƙwabciyar wace. Wani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya wallafa littafi kan 'yan kasuwar unguwar a 1983, amma da Faransanci, shi kuwa saurayin Hausar kakarsa yake so ya kama, da karin harshenta da kalmomin da sa'o'insa suka daina faɗa. Duk abin da ya ɗauka yakan kwafe shi cikin wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu da ya saya a wajen Dékon, ya share na waya don wuri ya samu. Daga baya ciwo ya taɓa ɓarin jikin tsohuwa, harshenta ya yi nauyi. Abin da aka ɗauka ke nan an ɗauka, ba ƙari.

A lokacin ne kwamfutar ta soma wani hali. Yana cikin kallon hoton yana rubuta abin da kakarsa ke cewa, sai allo ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, ya dawo kamar ba abin da ya faru. Bayan kwanaki baƙin ya zama shuɗi, da rubutun da ke cewa VIDEO_TDR_FAILURE, na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta. Ya hau zemijan ya kai ta wurin mai gyaran da ya sabunta masa Windows makonni kaɗan kafin nan. Mai gyara ya juya ta, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan sai wanka, a goge komai a sake zubawa." Saurayin ya karɓi kayansa ya fito. Wanka magani ne da masu gyara suke so don ba ya cin lokaci, kuma wanda aka goge wa ajiyarsa ba shi ne mai shagon ba.

Abin da ya fara fahimta, da taimakon wani abokinsa mai karatun kwamfuta, shi ne ma'anar rubutun nan. A cikin na'urar akwai katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido yake gani a allo. Tsakaninsa da Windows akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba. Sunan aro ne, kuma yana ɓatar da mai koyo, domin yana kawo masa hoton mai tuƙin mota. Aikin nata ya fi kama da na tafinta, irin wanda ke tsayawa tsakanin Bahaushe mai shanu da mahaucin da ba ya jin komai sai Ewe. Windows ta faɗi abin da take so, tafinta ya juya shi zuwa harshen katin, katin ya amsa. Tun daga Windows Vista aka yanka wa wannan amsa wa'adi na daƙiƙa biyu. In katin ya wuce haka bai ce uffan ba, sai Windows ta tayar da direba daga farko, wannan shi ne baƙin da ke zuwa ya wuce. In tayarwar ta ci tura, sai shuɗin allo. Ashe na'urar ba hauka take yi ba, tana ƙoƙarin ceton kanta ne.

Kafin komai sai da ya fitar da kakarsa daga gidan da ke ci da wuta. Ya danne maɓallin Shift yayin da yake umartar na'urar ta sake tashi, ya bi matakai har zuwa abin da Windows ɗinsa mai Faransanci ke kira mode sans échec, inda ba a loda direban katin sai wani sassauƙa da ke zana allo da manyan haruffa. A can ya kwafe hotunan gaba ɗaya zuwa faifan ajiya da ya aro. Wannan aiki ne da ya kamata a ce ya yi shi tun ranar farko, shi ma ya san haka, bai kuwa sami barcin kirki ba sai da ya ga na ƙarshe ya haye.

Kwamfutar ta yini a wannan yanayi ba ta faɗi ba. Abokin nasa ya so ya yanke hukunci nan take cewa direba ne mai laifi, saurayin ya ƙi, kuma shi ke da gaskiya. A yanayin nan ba a ɗora wa katin wani nauyi, don haka katin da zafi ya raunana ma zai yi shiru, kamar yadda gurgun jaki ba ya ɗingishi yana kwance. Sai ya nemi wasu shaidu. Ya lura da tambarin kamfanin da ke bayyana da zarar an kunna, tun Windows ba ta farka ba. Da akwai zane-zane ko ɗigo-ɗigo a kansa, da ciwon yana jikin ƙarfe, amma tambarin tas yake. Ya buɗe kundin da na'urar ke rubuta abubuwan da suka same ta, ya tarar da lamba 4101 tana ta maimaituwa, kowace tana shaida cewa direban allo ya daina amsawa an tayar da shi. Ta farkonsu kuwa ta zo ne kwana biyu bayan zuwansa na farko wurin mai gyara.

Akwai wani abu kuma da bai kula da shi ba sai da ya jera lokutan. Faɗuwar ta fi zuwa in an ɗauke wuta yana tsakiyar kallo, ko in ya zare caja. Kwamfutarsa irin mai kati biyu ce, ƙarami mai tattalin batir da babba mai ɗaukar aiki mai nauyi, suna miƙa wa juna aiki gwargwadon hali. Shuɗin allon yakan ambaci sunan fayil ɗin da ya maƙale, sunan kuma yana nuna mai shi: wanda ya fara da nv na Nvidia ne, igd na Intel, ati na AMD. Nasa ya nuna babban katin. Mai gyaran ya zuba direbobi ne daga wani fulash da yake zuba wa kowace na'urar da ta shigo shagonsa. Tafintoci biyu ke nan da ba su taɓa aiki tare ba, aka ce su riƙa karɓar magana daga bakin juna.

Windows tana da maɓallin da ke mayar da direba zuwa na baya, amma nasa a dushe yake, tunda wankan da aka yi a baya ya tafi da na bayan. Wasu sun ba shi shawarar ya shiga cikin tsarin ya tsawaita wa'adin nan daga daƙiƙa biyu zuwa goma. Bai yi ba, domin ƙara wa tafintan da ya rikice lokaci ba ya gyara masa fassara, sai dai ya jinkirta faɗuwar. Ya kifa kwamfutar ya kwafi lambar samfurinta daga ƙasa, ya je inda ake sayar da intanet na awa, ya sauke direbobin da kamfanin da ya ƙera ta ya tanadar wa wannan samfuri, ko da yake sun girmi waɗanda ke ciki. Ya koma yanayin nan mai manyan haruffa, ya yanke intanet don kada wani direba ya shigo masa ba sallama, ya tumɓuke tsofaffin da wata manhaja mai suna DDU, sannan ya zuba na ƙaramin kati, ya bi da na babba.

Kwana uku lafiya lau. A na huɗu, da tsakar rana, allo ya sake yin baƙi sau ɗaya, gabansa ya faɗi. Ya kai hannu gefen da iska ke fita ya ji kamar bakin murhu. Da aka kwance murfin, sai ga ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa. Wato ciwo biyu ne suka haɗu, ɗaya ya ɓoye a bayan ɗaya. Aka share, aka sake man da ke tsakanin katin da ƙarfen da ke janye zafi, ya kuma daina ɗora ta a kan katifa yana aiki.

Ran Juma'a da yamma ya kai kwamfutar ɗakin kakarsa, ya ajiye ta a kan kujera 'yar tsugunno, ya ce, "Kaka, ga amaryata ta zo gaishe ki." Ya kunna hoton da ta jero gidajen layinsu na tsohon Zango ɗaya bayan ɗaya, wanda a da bai taɓa kaiwa ƙarshensa ba. Suna tsaka da kallo aka ɗauke wuta, fankar ɗaki ta tsaya, hoton ya ci gaba. Tsohuwa ta zuba wa kanta ido har aka zo gida na shida, sai ta ɗaga yatsa. Ya tsayar. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin ta fitar da sunan wata mai ƙosai da ta tsallake a tsakanin gida na biyar da na shida. Ya sa ta maimaita sau biyu, ya rubuta a gefen takardarsa.