Daga Kontagora Zuwa Auna Da Bakin Tafkin Kainji

Yawancin baƙin da ke zuwa Kontagora iyakarsu cikin gari. Su kai gaisuwa fadar Mai Martaba Sarkin Sudan, su zaga kasuwa, in da hali a kai su Rijiyar Nagwamatse, daga nan su koma gida suna cewa sun ga ƙasar Kontagora. Alhali kuwa hedkwata kurum suka gani. Garin ma bai tsufa can can ba, domin a shekarar 1864 ne Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa shi. Garuruwan Kambari da ke yamma da shi sun riga shi zama nesa ba kusa ba, kuma can ne ya kamata mai son ganin ƙasa ya nufa.

Hanyar takan bi ta Ibeto da Salka kafin ta kai Auna, duk a cikin Ƙaramar Hukumar Magama mai hedkwata a Nasko. Wanda ya bi ta da kaka zai ga dawa da gero da gyaɗa dama da hagu, ga kaɗanya da ɗorawa tsaye a tsakiyar gonaki, ba mai sare su. Kambari manoma ne na gaske, wannan ko maƙiyinsu ya shaida. Baƙo yakan ɗauka harshensu ɗaya ne, amma ba haka ba ne: mutanen Salka Tsishingini suke yi, na Auna kuwa Tsikimba, in an haɗu a kasuwa sai a yi ciniki da Hausa. Waɗannan mutane sun ɗanɗana kuɗarsu a ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Nagwamatse da na ɗansa Ibrahim ke kai hare-hare suna kama bayi, har zuwa shekarar 1901 da Turawa suka ci Kontagora. Ba a cika ba baƙo wannan labari a cikin birni ba, amma a karkara ba a manta ba.

Daga Auna ba nisa sai ga ruwa ya shimfiɗu har ido ya kasa ganin ƙetare. Wannan shi ne Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan da aka datse Kogin Kwara. An soma gina madatsar a shekarar 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Tsawon tafkin ya zarce kilomita 130. Da sassafe masunta ke fitowa da giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa, mata kuma na jira a gaɓa da kwanduna domin banda.

To, amma duk wanda ya tsaya yana sha'awar ruwan nan, ya kamata ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Mutane fiye da dubu 40 aka tasa daga gidajensu, cikinsu har da Kambari da Gungawa. Tsohuwar Busa, inda Bature mai yawon binciken nan Mungo Park ya halaka a shekarar 1806, ruwa ya shanye ta, aka gina wa mutanenta Sabuwar Busa. A ƙasar Tailan ta mabiya addinin Buda, baƙin da suka sauka Bankok sukan fita kilomita 80 arewa su ga Ayutaya, tsohon babban birninsu wanda mayaƙan Bama suka ƙona a shekarar 1767, domin kangayensa na nan tsaye, jama'a na cin abinci da nuna su. A nan kuwa babu kangon da za a nuna. Sai dai dattijo ya miƙa hannu ya ce ga inda garinsu yake a dā. Kututturan itatuwan da ruwa ya rufe ma suna nan a ƙasa, masu jiragen ruwa na tsoronsu ƙwarai, balle da dare.

Auna kuma tana da tata madatsar a kan Kogin Kontagora, wadda gwamnatin tarayya ta soma tun shekarun 1980 da nufin noman rani. Aikin ya yi ta tsayawa ana komawa shekara da shekaru, har yaran da aka haifa lokacin da aka kawo motocin farko suka yi furfura. Manomin da aka yi wa alkawarin girbi biyu a shekara ba ya kallon wurin a matsayin abin sha'awa.

Kudu da nan akwai dajin Zugurma, ɗaya daga sassa biyu na Gandun Namun Dajin Kainji, ɗayan yana Borgu a ƙetaren ruwa. A dā ɗaliban makarantu da Turawa kan je gandun kallon gwanki da gada da birai. Cikin 'yan shekarun nan kuwa 'yan bindiga sun sami mafaka a dazuzzukan yankin, sun addabi ƙauyuka da matafiya, ziyara ta yi wuya. Saboda haka wanda ya yi niyyar zuwa Auna sai ya fara tambayar direbobi a tashar Kontagora labarin hanya, ya tashi da hantsi tare da jama'a, ya kuma tabbata ya isa masauki kafin la'asar.