Titin da Awaki ke Kwanciya a Kai

Idan ka ga awaki sun miƙe ƙafa a tsakiyar kwalta suna tuƙa, kaji kuma na tone-tone a gefe hankali kwance, to ka sami hanyar keke. Dabbar ƙauye ta fi kowa sanin yawan motocin da ke bin titi. Ita ce alamar farko da nake dubawa duk lokacin da na fita yawon keke a ƙauyukan kudancin Kano.

Babban titin Kano zuwa Zariya ba wurin mai keke ba ne. Tun da aka sake shimfiɗa shi ya yi sumul, gudu ya ƙaru. Daga Na'ibawa zuwa Kwanar Dawaki, tirela da tanka da tifar yashi kowa sauri yake yi, kuma ko tirela ba ta goge ka ba, iskar da take turowa in ta gifta ta isa ta karkatar da kan keke. Nakan daure ne kawai in haye gadar Tamburawa da sassafe, ina isa Kura in sauka daga kwalta.

Daga nan tafiya ke daɗi. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana gangarowa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Da yawa cikin magudanan nan suna da hanyar burji a gefe. Tunda ruwan a hankali aka shirya masa ya riƙa tafiya, hanyar da ke bin sa ma ba hawa ba gangara. Sai ka yi ta murza feda ba tare da ka yi haki ba. Da rani, lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙamas, nan kore ne shar: alkama, albasa, tumatir, masara, ga balbela fara fat a bayan shanu. Abin da za ka ji bai wuce ƙarar injin ban-ruwa daga nesa da sallamar manoma ba.

Sai dai shiru iri biyu ne, kuma wannan ne abin da ya kamata baƙon hanya ya gane. Akwai shirun hanyar da babu mota amma akwai mutane: 'yan mata ɗauke da ƙwaryar fura da nono, yara na kora jaki, amalanke na jan taki zuwa gona, tsoho a kan tsohon kekensa Raleigh ya ɗaure fartanya a kariya. Wannan ita ce hanyar da ake nema. Akwai kuma shirun hanyar da mutane suka ƙaurace mata. Ciyawa ta fara cin tsakiyarta, babu sabon sawun taya, babu kashin jaki, gonakin gefe ba a taɓa su ba. Irin wannan ba na bin ta, komai kyanta. A halin da Arewa ke ciki yau, hanyar da mutanen gari suka daina bi da dalili suka daina.

Taswirar waya za ta nuna maka layi a kan allo, amma ba za ta gaya maka cewa ruwan damina ya cinye kwalbati ba, ko cewa rairayi ya mamaye rabin turba har sai ka sauka ka tura. Mai faci ne ya san wannan. A ganina babu wanda ya kai shi sanin hanyoyin yankinsa, domin duk keken da ya sha wahala a gabansa yake ƙarewa. Ya san inda tsidau ya yi yawa, ƙayar nan mai tsini da ke huda taya ta ci tif, don shi ke zare ta kullum. Ka tsaya ƙarƙashin bishiyarsa, ka yi masa sannu da aiki, ka bari ya ƙara maka iska, sannan ka ce, "Baba, ta ina keke ya fi bi zuwa Bunkure?" Ka ambaci keke musamman, domin hanyar mai babur daban ce, shi inji ke fitar da shi daga yashi, kai kuwa cinyarka ce. Matambayi ba ya ɓata, amma idan an ce maka nan kusa ne, sake tambaya ko ƙauye nawa za ka wuce.

Ka tambayi ranar kasuwa kuma. Titin da ke fayau ranar Talata kan cika da a-kori-kura ranar da kasuwa ke ci. Hanyoyin Wudil ranar Juma'a na motocin shanu ne. Haka hanyoyin da ke fita Kwanar Gafan a kakar tumatir, motoci ne maƙare da kwanduna, ga ƙurar burji da suke bari a baya wadda ke rufe ido na ɗan lokaci. Idan ka hango ƙurar ta taso, gara ka sauka gefe ka jira ta lafa.

Kayan tafiya ba su da yawa: famfo, gam da abin faci, gorar ruwa, da ƙararrawa mai aiki saboda yara da dabbobi. Da hunturu kada ka fita sai hazo ya ɗan ɗaga, don direba ya iya hango ka.

Kafin ka fita, faɗa wa mutanen gida garuruwan da za ka ratsa. Ka kuma juya kan keke tun rana na sama, la'asar ta same ka a hanyar komawa.