Bayan Allon Suna

Makarantar firamaren da wani mai hali ya taimaka wa, tun daga bakin titi za ka gane ta. Akwai allon ƙarfe a jikin bango, da sunan mai kyautar, da ranar da aka buɗe ginin. Fenti sabo, ƙofa da kwaɗo. To, maƙwabci, zaga ta baya, inda ake ajiye 'yan rabin aji. Yawanci a nan fentin yake ƙarewa.

Yara ne 'yan shekara huɗu da biyar, a kan tabarma ko a kan siminti. In akwai benci, na 'yan aji shida ne aka turo musu, ƙafafunsu na lilo ba sa taɓa ƙasa. Malama ɗaya ce, sau da yawa 'yar sa-kai, sai abin da iyaye suka harhaɗa mata a ƙarshen wata. A bango an zana tuffa kusa da harafin A. Yaron da ke kallon zanen, mangwaro ya sani da goruba.

Ban raina gini ba. Aji mai rufi ya fi gindin bishiya, ko don damina. Abin da na lura shi ne, kyautarmu kwaɗayin hoto gare ta. Bulo yana fitowa a hoto. Albashin malama na wata goma sha biyu ba ya fitowa, kunun ƙarfe goma ma haka. Tun 2013 manufar ilimi ta Najeriya ta sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya a cikin ilimin bai-ɗaya. A takarda ajin nan yana da gurbinsa. A harabar makaranta kuwa shi ake bai wa ɗakin da ya rage.

Me ake nufi da yaro ya shirya shiga aji ɗaya? Ya iya riƙe fensir. Ya saurari tatsuniya har ƙarshe. Ya jira a zo kansa a layi. Ya ƙirga tsakuwa goma yana taɓa kowace. Ya iya gaya wa babba yana jin fitsari tun kafin abin ya ɓaci. Duk a hannun mutum mai haƙuri ake koyon waɗannan, da harshen da ake yi wa yaron magana a gida. Wanda bai samu ba yakan yi shekarar farko yana kallon allo kawai, a ce ba shi da kai.

Akwai inda aka bi da kuɗin ta wata hanya. A Mombasa, bakin tekun Kenya, shugabannin Musulmi sun damu da yadda 'ya'yansu ke zama a baya da zarar sun shiga firamare. A 1986 Gidauniyar Aga Khan ta fara aiki da su. Ta dubi madarasun da ke unguwanni, masu kama da Islamiyyunmu, waɗanda iyaye suka riga suka yarda da su, aka buɗe azuzuwan ƙanana a cikinsu. Aka ɗebo matan unguwar aka horar da su, masu horarwar kuma suna biyo su har aji su ga yadda aikin ke tafiya. Karatun addini yana nan, ga wasa, ga ƙirga, ga harshen Suwahili. Kayan wasan ma da abin da ake samu a unguwa ake haɗa su. Kwamitin iyaye ne ke riƙe makarantar, an kuma taimaka wa wasu da ɗan asusun ajiya don kada aikin ya mutu ranar da mai taimako ya janye. Shirin ya kai Zanzibar a 1990, ya kai Yuganda a 1993.

Mu ma ai muna da Islamiyya a kowane lungu, da yawa a kulle suke da safe. Muna da 'yan mata masu shaidar NCE zaune a gida. Masu bayarwa ma ba mu rasa ba, sai dai rabon yakan taru a watan azumi, yaran kuma kullum safiya suke zuwa.

Waƙafi ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu, mun ga na rijiya, mun ga na gona. Attajiri zai iya ware shago ɗaya a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, ya ce hayarsa ta malamar rabin aji ce, da gero da sukarin kunun yara. Ba za a kira taro ba. Shaidar za ta zauna a aljihun teburin hedimasta, takarda ɗaya mai sa hannun malama sau goma sha biyu.